Sabo da Sabon Gari: Me Ke Haɗa Maƙwabta, Me Ke Raba Su?

A garinku akwai unguwar da ake kira Sabo? Idan kuna zaune a Ibadan, ko Shagamu, ko Abeokuta, ko Ile-Ife, na san amsarku e ce. Idan a Owerri kuke, kun san Ama Hausa. Wanda kuma ya taɓa zuwa Kano ko Zariya ya ji sunan Sabon Gari. Sunan "Sabo" gajarta "Sabon Gari" aka yi, kuma duk unguwannin nan labari ɗaya suke bayarwa: wasu mutane sun baro garinsu, sun zo neman abinci a garin wasu, aka ba su wuri suka zauna. A Kudu, Hausawa ne baƙi a Sabo. A Arewa kuwa, Yarabawa da Ibo da Bini da Urhobo da sauransu su ne baƙi a Sabon Gari. Ashe kowannenmu ɗan gari ne a wani wuri, baƙo a wani.

Nijeriya tana da ƙabilu fiye da 250 da harsuna fiye da 500. Duk lokacin da rikici ya tashi a wata kasuwa ko wata unguwa, za ku ji manya suna cewa, "Ai ƙabilun ne suka yi yawa, shi ya sa ba a zama lafiya." Maganar tana da sauƙin faɗa, tana kuma da sauƙin yarda. Amma gaskiya ce? Abin da za mu bincika a wannan darasi ke nan.

Kalmomi uku da za mu riƙa amfani da su

Ta farko ita ce bambancin ƙabila. Ana cewa unguwa tana da bambancin ƙabila idan mazaunanta sun fito daga al'ummu dabam-dabam, kowa da harshensa, da abincinsa, da suturarsa, sau da yawa kuma da addininsa.

Ta biyu ita ce talaucin unguwa, kuma a nan sai ku lura sosai, domin ya bambanta da talaucin mutum ɗaya. Mutum yana iya zama da rufin asiri, yana da shago, yana biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa, amma unguwarsa ba ta da famfo, ba ta da magudanar ruwa, taransifomarta ta ƙone tun bara, makarantar gwamnatin da ke cikinta ɗalibai sun fi ƙarfin azuzuwa, matasanta kuma suna wuni a bakin titi babu aikin yi. Wannan mutum ba matalauci ba ne, amma a matalauciyar unguwa yake kwana, kuma rashin da ke cikinta yana shafar sa kowace rana. A shekarar 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Nijeriya, suna fama da talauci mai fuskoki da yawa. A wannan awo an duba abubuwa kamar lafiya da ilimi da ruwan sha da muhalli da aikin yi.

Ta uku ita ce haɗin kan jama'a. Ba a ganin sa da ido, sai dai a ga alamunsa. Idan uwa za ta iya barin ɗanta wajen maƙwabciya ta tafi kasuwa, idan mai shago zai ba da bashin gari da mai har ƙarshen wata, idan aka ji ihun "Gobara!" da dare kowa ya fito da bokiti ba tare da tambayar gidan wa ke ci ba, to, akwai haɗin kai a wannan unguwa. Ginshiƙinsa shi ne amana.

Yadda unguwannin suka samo asali

Zaman baƙi a garuruwanmu ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Kasuwar Kurmi ta Kano an kafa ta ne a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma fatake daga ko'ina sun riƙa zuwa cin ta. Har yau sunayen unguwannin cikin birnin Kano suna tuna mana da waɗannan baƙi: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, da Dandalin Turawa, inda Larabawa suka zauna. Unguwar Ayagi kuwa an san ta da 'yan kasuwa Yarabawa. Jikokin waɗannan mutane yanzu Kanawa ne, Hausa suke yi, kuma sai an bi salsala kafin a san inda kakanninsu suka fito. A cikin ganuwa suka zauna, suka yi cuɗanya da 'yan gari, suka yi auratayya, a hankali baƙunta ta ƙare.

Turawan mulkin mallaka sun zo da wani tsari dabam. Layin dogo ya isa Kano a 1911, sai akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa suka riƙa kwararowa daga Kudu, har ma daga Saliyo da ƙasar da ake kira Ghana a yau. Turawa ba su so waɗannan baƙi, waɗanda yawancinsu Kiristoci ne masu ilimin boko, su cuɗanya da mutanen birni ba. Saboda haka a wajen 1913 aka yanka musu fili a bayan ganuwa, aka ja tituna a miƙe, aka sa wa wurin suna Sabon Gari. Tsawon shekaru ma ba a ƙarƙashin Sarki unguwar take ba, jami'in Turawa ne ke kula da ita. Idan kun zaga cikinta yau za ku ga titin Abeokuta, da titin Enugu, da titin Warri, da titin Gold Coast. Sunayen kawai sun isa su gaya muku su wa suka zauna a nan.

A Ibadan ma kusan haka aka yi. Da farko Hausawa a cikin gari suke sauka, a gidajen Yarabawa. A 1916 aka ware musu wuri a wajen Mokola, aka kira shi Sabo, aka kuma naɗa musu Sarkin Hausawa.

Ku kwatanta tsarin nan biyu. A na farko, baƙo yana zama a tsakiyar mutane, bayan 'yan shekaru ya zama ɗan gari. A na biyu, an shata masa iyaka, an ce nan ne wurinsa, sai ya haifi 'ya'ya, su ma su haifi nasu, ana ci gaba da kiran su baƙi. Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne, wato yana sauka da dare ya tashi da hantsi. To, yaya za a kira wanda aka haifi kakansa a unguwar?

Shanu, goro da amana

Kada ku ɗauka cewa ware unguwa ya hana mu'amala. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya kuma wallafa littafi a kanta a 1969. Abin da ya bayyana game da cinikin shanu da goro ya cancanci mu tsaya a kansa, domin yana nuna yadda ake gina amana tsakanin mutanen da harshensu ba ɗaya ba.

Shanu a Arewa ake kiwon su, amma a Kudu akwai masu cin nama da yawa. Saniyar Arewa kuwa ba ta jimre wa kurmi, saboda ƙudan tsando da ke sa mata cuta. Idan ta iso Ibadan, tilas a sayar da ita da wuri kafin ta rame. Goro shi ma haka yake ta ɗaya gefen. A dā daga Gwanja fatake ke ɗauko shi, amma daga baya nomansa ya yaɗu a ƙasar Yarabawa, musamman wajen Shagamu, masu cin sa kuwa suna Arewa. Goro ba ya son zafi, ba ya son bushewa. Sai an jera shi cikin ganye, an ɗaure huhu da kyau, ana buɗewa ana tsince wanda ya lalace. Kaya biyu ke nan masu tsada, masu saurin lalacewa, da tafiya mai nisa a tsakani.

Ga yadda aka warware matsalar. Falke yana isowa da shanunsa sai ya sauka a gidan wani babban mutum a Sabo, wanda ake kira maigida. Maigida zai ba shi masauki da abinci, ya kuma haɗa shi da dillalai. Masu sayen shanun mahauta ne Yarabawa, kuma yawancinsu ba su da kuɗi a hannu. Bashi suke ɗauka, sai sun yanka sun sayar da nama sannan su biya. Falken bai san mahaucin ba, ba ya jin harshensa, kuma ba a rubuta takardar yarjejeniya. To, me zai sa ya miƙa dukiyarsa? Maigida ne ya tsaya masa. Shi ya san kowane mahauci, ya san wanda ke biya a kan lokaci da wanda ke da taurin bashi. Idan mahauci ya ƙi biya, asarar a wuyan maigida take, kuma daga ranar babu dillalin da zai sake sayar wa wannan mahauci ko da ɗan maraƙi. Kowa yana tsoron zubewar mutuncinsa, domin mutuncin shi ne jarinsa.

A ganina babu misalin da ya fi wannan nuna cewa bambancin harshe ba ya hana amana. Mahauci yana bukatar falke, falke yana bukatar mahauci, kuma akwai wanda zai hukunta mai ha'inci. Da waɗannan abubuwa suka haɗu, dukiya mai yawa ta riƙa wucewa daga hannu zuwa hannu da fatar baki kawai.

Harsunanmu ma sun riƙe shaidar wannan cuɗanya. Kalmomin "ashana" da "akawu" da "agushi" daga Yarabanci Hausa ta aro su. Yarabanci kuma ya karɓi "wahala" da "albasa" da "lafiya", waɗanda asalinsu Larabci ne, ya sauya musu lafazi ya mai da su nasa. Ba a aron kalma daga mutumin da ba a zama da shi.

Layin famfo

Yanzu bari mu ɗauki misali, mu ƙaddara wata unguwa a bayan gari. Gida ɗaya yana da ɗaki goma sha biyu, kowane ɗaki da iyali guda, banɗaki kuma ɗaya ne. A layin duka famfo ɗaya ke kawo ruwa, shi ma sai sau biyu a mako. Ranar da ruwa ya zo, mata da yara sukan fito tun asuba su jera bokitai da jarkoki. Sai wata ta zo ta tura bokitinta gaba. Wadda aka tsallake ta yi magana, waccan ta mayar, murya ta tashi.

Idan matan nan biyu ƙabilarsu ɗaya, abin da za a ce shi ne, "Wance ba ta da kunya." Da yamma wata dattijuwa za ta kira su ta sasanta, magana ta wuce. Ai ko harshe da haƙori sukan saɓa. Amma idan ɗaya Bahausa ce, ɗaya Bayarabiya, maganar takan sauya kama. Maimakon "Wance ba ta da kunya" sai a ji "Haka suke, duk halinsu ɗaya." Laifin mutum guda ya zama laifin al'umma. Kafin azahar labari ya kai tashar mota, an ƙara masa gishiri, matasan da ba su da abin yi sun fara taruwa.

Ku tambayi kanku: mene ne ainihin abin da ya haddasa faɗan? Da kowane gida yana da famfonsa, da matan nan gaisuwa kawai za ta haɗa su. Ƙarancin ruwa ne ya kunna wutar, ƙabilanci kuma ya zama iskar da ta hura ta. Abin da ya faru a bakin famfo yana iya faruwa a kan rumfar kasuwa, ko layin 'yan acaɓa, ko kuɗin haya, ko wurin zubar da shara. Duk inda abu ya yi kaɗan, masu nema suka yi yawa, mutum yakan fara kallon na kusa da shi a matsayin kishiya. Wanda ya fi saurin ganewa kuwa shi ne mai wani harshe ko wata sutura.

Talaucin unguwa yana cin amana ta wasu hanyoyin ma. A unguwar 'yan haya mutane ba sa daɗewa. Mai gida ya ƙara kuɗi, sai a tashi, wani ya shigo, kafin ku saba da maƙwabci ya yi gaba. Wanda ya fita neman abinci tun duku-duku, bai dawo ba sai dare, ba shi da lokacin zuwa suna ko gaisuwar mutuwa, alhali kuwa zumunta a ƙafa take. Inda babu fitila a titi, sata ta yi yawa, kowa yakan kulle ƙofarsa da wuri, yana zargin duk wanda bai sani ba. Sannan babu filin wasa, babu ɗakin taro, babu inda yara za su haɗu su san juna.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A watan Maris na 2016 an yi mummunan rikici a yankin kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma rahotanni sun nuna cewa daga saɓani kan wani ɗan acaɓa ya faro. A watan Fabrairu na 2021 an yi wani a kasuwar Shasha da ke Ibadan, wanda aka ce ya samo asali daga cacar baki tsakanin wani ɗan dako da wata mai shago kan kayan da suka zube a ƙofar shagonta. An rasa rayuka, an ƙone shaguna da gidaje, Hausawa da Yarabawa duka suka yi asara. Mutanen da suka shekara da shekaru suna cinikin tumatir da albasa tare suka wayi gari suna gudun juna. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙaramar magana ba ta zama gobara sai ta tarar da cunkoso, da gajiya, da ɓacin ran da ya daɗe yana taruwa.

Abin da masana suka gano

Tambayar nan ba mu kaɗai ta dama ba. A 2007 wani malamin Jami'ar Harvard a Amurka, Robert Putnam, ya wallafa sakamakon binciken da aka yi wa mutum kusan 30,000. Ya gano cewa a unguwannin da jinsuna da ƙabilu suka cakuɗa, mutane ba su cika yarda da maƙwabtansu ba, har da waɗanda suke jinsi ɗaya da su. Ya kwatanta su da kunkuru da ya janye kansa cikin ƙoƙonsa. Wannan sakamako ya tayar da ƙura, kuma masu ƙyamar baƙi suka yi ta kafa hujja da shi, ko da yake shi Putnam ya ce matsalar ta ɗan lokaci ce, kuma a ƙarshe al'umma takan amfana da zuwan baƙi.

Sai wasu masana suka lura da wani abu. A ƙasashe da yawa, baƙi sukan sauka ne a unguwannin da haya ta fi araha, wato unguwannin da dama can suke cikin rashi. Saboda haka idan an ga ƙarancin amana a wurin, ta yaya za a san ko bambancin ƙabila ne ya jawo shi ko talauci? Tamkar mutum ne ya ci abinci iri biyu, cikinsa ya ɓaci, sai ya ɗora wa ɗaya laifi ba tare da ya gwada ba. Hanyar ganewa ita ce a kwatanta unguwannin da arzikinsu ya yi daidai, amma cakuɗar mutanensu ta bambanta. A 2008 Natalia Letki ta yi irin wannan nazari a Birtaniya, ta gano cewa talaucin unguwa ya fi bambancin jinsi lalata zumunci da amana. Wani bincike da aka wallafa a 2014 game da birnin Landan ya nuna cewa idan aka cire tasirin talauci, mazauna unguwannin da suka cakuɗa sun ma fi ganin cewa akwai haɗin kai a tsakaninsu.

Dole mu yi hattara a nan. Landan ba Legas ba ce, kuma har yanzu masana suna muhawara, domin sakamakon yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Amma akwai abin da za mu iya gani da idonmu. A rukunin gidajen masu hali a Abuja ko Lekki, Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Tibi suna zaune katanga ɗaya, kuma da wuya ku ji an yi faɗan ƙabilanci a can. Kowa yana da rijiyar burtsatse da janareta. Sai dai kada mu yi saurin kiran wannan haɗin kai. Da yawansu ba su san sunan maƙwabcinsu ba. Rashin faɗa dabam, zumunci dabam. Sau da yawa ma a unguwar talakawa ake samun taimakon juna na gaske, inda ake adashi, ana aron gishiri, ana haɗa kuɗi a kai mara lafiya asibiti.

Inda talauci kaɗai bai isa bayani ba

Zai zama kuskure a ce duk rikici daga rashi yake fitowa. Tarzomar da aka yi a Kano a watan Mayu na 1953, tsakanin mutanen birni da na Sabon Gari, siyasa ce ta haddasa ta, wato saɓanin shugabannin Arewa da na Kudu kan lokacin da ya kamata a ba Nijeriya mulkin kai. Kashe-kashen 1966, waɗanda suka sa dubban Ibo suka bar Arewa, da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, su ma daga rikicin mulki suka taso. A Kaduna, bayan rikicin shekarar 2000, mutane da yawa sun sauya unguwa saboda tsoro, har garin ya kusa rabuwa biyu: yawancin Musulmi a arewacin kogi, yawancin Kiristoci a kudancinsa. Yaron da ya tashi a irin wannan gari yana iya gama sakandare bai taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Duk abin da aka gaya masa game da mutanen tsallaken kogi sai ya yarda, domin ba shi da aboki a can da zai ƙaryata.

Akwai kuma batun ɗan ƙasa da baƙo. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya ga dama a cikin ƙasar, sashe na 42 kuma ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali. Duk da haka, idan ana neman gurbin karatu, ko tallafin karatu, ko aikin gwamnati, akan nemi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Yarinyar da aka haifa a Sabon Gari, wadda Hausa ta fi zama a bakinta, sai a ce ta koma garin kakanninta ta karɓo. Yaron Sabo ma haka. Wanda ake tuna masa kullum cewa shi baƙo ne, da wuya ya sa dukan zuciyarsa wajen gyaran unguwa. Masu mulki kuma sukan yi sakaci da unguwar da suke ganin ba ta 'yan gari ba ce, sai talauci ya ƙaru a kan wariya. A Ghana an lura da irin wannan a unguwannin da ake kira Zango, inda Hausa ce harshen mu'amala, har gwamnati ta kafa asusu na musamman domin raya su a 2017.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗan siyasar da ke neman ƙuri'a da ƙabilanci ba shi ne ya tsaga bangon ba, amma ya san inda tsagar take, kuma matashin da ba shi da aiki ba ya da tsadar haya.

Abin da ke ɗinke ɓaraka

Tun a 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam, Gordon Allport, ya bayyana cewa cuɗanya tana rage ƙiyayya, amma da sharuɗɗa: mutanen su haɗu a matsayi ɗaya, ba ubangida da bara ba, su kasance da buri guda, su yi aiki tare, hukuma kuma ta goyi bayan haɗuwar. Ku dubi ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta unguwa. Mai tsaron gida ba ya tambayar ƙabilar ɗan baya, abin da ya dame shi kada a zura masa ƙwallo.

A Indiya, Ashutosh Varshney ya kwatanta garuruwan da Hindu da Musulmi ke zaune tare, ya wallafa sakamakon a 2002. Ya tarar cewa garuruwa irin su Calicut, inda ɓangarorin biyu suke cikin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ma'aikata tare, sun fi zama lafiya a kan irin su Aligarh, inda kowa ke harkarsa dabam. Dalilin a fili yake. Idan jita-jita ta tashi, shugabannin da suka san juna sukan kira juna nan take, su binciki gaskiya, su kashe maganar tun tana ƙarama. Aikin da Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa da masu unguwanni suke yi ke nan a garuruwanmu, kuma yawancin rikicin da suka hana ba ya shiga jarida, tun da bai faru ba.

A Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun taɓa zama abokan gaba. Wuye ya rasa hannu a rikicin 1992, Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. A 1995 suka haɗu suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai, suka riƙa zuwa wuraren rikici tare. Gwamnati ma ta yi nata ƙoƙarin: shirin yi wa ƙasa hidima da aka kafa a 1973, da manufar ilimi ta 1977 wadda ta nemi kowane ɗalibi ya koyi ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarabanci ban da harshensa. Littafin da ke hannunku daga wannan manufa ya fito. Sai dai ni dai ina ganin taron sulhu ba ya daɗewa idan an tashi an koma layin famfo guda. Gyaran kwata da samar da ruwa da aikin yi su ma aikin sulhu ne, ko da ba a kira su da wannan suna ba.

Tun da harshe muke koyo, akwai kalma ɗaya da nake so ku kula da ita. A Hausa "aboki" kalma ce mai daraja. Abokinka shi ne wanda ya san sirrinka, wanda zai tsaya maka ranar aurenka, jam'inta "abokai", macen kuma "abokiya" ko "ƙawa". Amma a titunan Kudu an mai da ita sunan duk wani ɗan Arewa mai gyaran takalmi ko mai tura baro, wani lokaci ma da sigar raini. Mai shayin da ke bakin layinku yana jin bambancin, ko da bai ce komai ba. Gobe idan za ku wuce ta wurinsa, ku gwada cewa, "Ina kwana, Malam? Yaya kasuwa?" Idan dattijo ne ku ce "Baba". Sannan ku tambaye shi sunansa, da garinsu, da shekarun da ya yi a unguwarku. Ku rubuta amsar cikin Hausa, ku zo da ita aji. Kada ku yi mamaki idan ya ce ya riga iyayenku zuwa unguwar.